Me dattijo yake nema a ƙaramar ƙungiyar besbol?

"Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a birnin Durham da ke jihar Karolina ta Arewa a Amurka, shekarata ɗaya da rabi da zuwa. Mai gidan da nake haya dattijo ne da ya haura shekara 70, kuma ya ce tun yana yaro mahaifinsa yake kai shi kallon besbol. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne bai damu da manyan ƙungiyoyin da ake nunawa a talabijin ba. Tikitin kaka guda yake saya na Durham Bulls, wadda shi da bakinsa ya gaya mini cewa ƙaramar ƙungiya ce, kuma duk ɗan wasan da ya yi fice a cikinta ɗauke shi ake yi. Sau uku yana gayyatata ina ba shi uzuri. Me mutum yake so a ƙungiyar da ba ta riƙe gwanayenta? In kuma na bi shi, me zan kalla, tunda ko dokokin wasan ban sani ba?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗana. Allah ya ba da sa'ar karatu. Tambayarka gida biyu ce: kana son sanin abin da yake riƙe zuciyar mutum shekara 60 a kan ƙungiyar da gwanayenta ba sa zama, sannan kana son sanin abin da idonka zai kama in ka shiga filin. Zan fi daɗewa a kan ta farko, domin in ta warware, ta biyun ba ta da wuya. Kafin komai, in ya gayyace ka karo na huɗu ka amsa, saboda dattijon da ya maimaita gayyata sau uku yana son ya nuna maka abu ne mai daraja a wurinsa.

Ni a Rochester nake zaune, a arewacin jihar New York, tun 1993. Wani abokin aikina ne ya fara jana zuwa tsohon filin Silver da ke titin Norton don kallon Rochester Red Wings, ƙungiyar da take mataki ɗaya da Durham Bulls, gasa ɗaya ma suke bugawa. Daga wannan daren zuwa yau ban bar zuwa ba, kuma ina da tarin littattafan da na rubuta wasanni a cikinsu da fensir, jifa bayan jifa. Daga wannan kujera ta ɗan kallo zan ba ka amsa.

Yadda aka gina tsarin

Babbar gasar besbol, wato MLB, tana da ƙungiyoyi 30, 29 a Amurka, ɗaya a Toronto ta Kanada. Kowace ɗaya tana da ƙananan ƙungiyoyi huɗu da take renon 'yan wasanta a cikinsu, sun zama 120 ke nan, a matakai huɗu. Akwai matakin A na ƙasa, da matakin A na sama, da AA, sai AAA wanda daga shi sai babbar gasa, kuma nan Durham da Rochester suke. A ƙarƙashin waɗannan akwai gasannin sababbin shiga da ake yi a sansanonin horo na Arizona da Fulorida da Jamhuriyar Dominika. Ƙungiyar AAA tana buga wasa 150 a kaka, daga ƙarshen Maris zuwa Satumba, kwana shida a jere da abokiyar hamayya ɗaya, a huta ran Litinin.

Inda wanda ya taso da ƙwallon ƙafa yake rikicewa shi ne yana ɗaukar ƙaramar gasa tamkar rukuni na biyu. A ƙwallon ƙafa ƙungiya ce take faɗuwa ta kuma hau, kamar yadda Kano Pillars ta faɗi a 2022 ta dawo a 2023. A besbol ƙungiya ba ta motsi. Ko Durham ta lashe kofi shekara goma a jere, a AAA za ta zauna. Ɗan wasa ne yake hawa da sauka shi kaɗai, wani lokaci sau huɗu ko biyar a kaka guda. Babbar ƙungiyar, wadda suke kira uwa, ita ce mai kwantiragin 'yan wasan, ita take biyansu albashi, ita take turo koci da mataimakansa, ita kuma take yanke wanda zai buga da wanda zai zauna. Masu ƙungiyar garin abin da yake hannunsu shi ne fili da tikiti da suna da riga da abincin da ake sayarwa. Uwar Durham tun 1998 ita ce Tampa Bay Rays.

Wanda ya shimfiɗa wannan tsari wani shugaban ƙungiya ne, Branch Rickey, lokacin da yake St. Louis Cardinals a shekarun 1920. Ƙungiyarsa ba ta da kuɗin da za ta yi gogayya da masu arzikin New York wajen sayen gwanaye, sai ya shiga sayen ƙananan ƙungiyoyi yana shuka samari a cikinsu, in sun nuna ya girbe. Shi ya sa har yau Amurkawa suke kiran tsarin da sunan gona.

Abin da wannan ya haifar shi ne cewa cin wasa ba shi ne babban aikin kocin ƙaramar ƙungiya ba. Na sha ganin mai jifa yana kan ganiyarsa, babu wanda ya iya dukan ƙwallonsa har zagaye na shida cikin tara na wasan, sai koci ya fito ya karɓi ƙwallon daga hannunsa, saboda uwar ƙungiya ta ce kada ya wuce jifa 85 a wannan daren. Na sha ganin an bar saurayi yana ta jefa irin jifan da bai ƙware a kai ba, ana dukansa, ana ci, don shi aka turo shi ya koya. A shekarata ta farko wannan ya ɓata mini rai ƙwarai. Sai da na fahimci cewa makaranta nake kallo, wadda aka bar ƙofarta a buɗe ga jama'a, sannan hankalina ya kwanta, na fara ganin abin da tsofaffin da ke kusa da ni suke gani.

Abin da yake riƙe zuciya

Na farko gari ne. Tun zuwana Rochester ƙungiyarmu ta yi uwa uku: Baltimore Orioles har zuwa 2002, Minnesota Twins daga 2003 zuwa 2020, sai Washington Nationals daga 2021. Kafin su duka Cardinals ce, daga 1929 zuwa 1960. Duk lokacin da aka sauya uwa, 'yan wasa kaf suke tafiya a kawo wasu, amma mutanen da suke zaune a layin kujerarmu su ne dai, mai duba tikiti shi ne dai, sunan da ke gaban rigar shi ne dai. Ashe ba 'yan wasan muke goyon baya ba tun asali. Bayan kakar 1956, da Cardinals ta nuna za ta janye hannunta daga ƙungiyar, wani ɗan kasuwar garin, Morrie Silver, ya jagoranci sayar wa talakawa hannun jari, mutum 8,222 suka saya, ƙungiyar ta zama ta jama'ar gari. An jingine wannan lamba ta 8,222 a filin kamar yadda ake jingine lambar rigar babban gwani, kuma na san iyalan da har yau suke ajiye da takardar hannun jarin da kakansu ya saya.

In a Durham dattijonka ya tashi, nasa labarin ya fi namu ɗaci da daɗi. A tsohon fili mahaifinsa yake kai shi, inda Joe Morgan ya buga a 1963 kafin ya zama ɗaya daga cikin manyan gwanayen zamaninsa. Sannan ƙungiyar ta mutu bayan 1971, garin ya yi shekara takwas babu wasa, sai a 1980 aka farfaɗo da ita. Mutumin da ya ga ƙungiyar yarintarsa ta ɓace, ta kuma dawo, ta koma sabon fili a 1995, ta hau AAA a 1998, ba zai yi wasa da tikitinsa ba. Ka kuma lura cewa jiharku ba ta da ƙungiya a babbar gasa ko ɗaya. Mafi kusa suna Washington da Atlanta, tafiyar sa'o'i a mota. Manyan ƙungiyoyi irin su Yankees da Dodgers a talabijin yake ganinsu kamar yadda kowa a duniya yake gani, Bulls kuwa a unguwarsa take.

Na biyu kusanci ne. Filin Durham yana ɗaukar mutum kusan 10,000, alhali yawancin manyan filaye suna ɗaukar 40,000 ko fiye, kuma tikitin kujerar da take dab da fili a ƙaramar gasa ya fi na irinta a manyan filaye araha sosai. Daga inda nake zama ina jin ƙarar ƙwallo in ta faɗa safar mai cafka, ina jin abin da koci yake faɗa wa mai gudu a zango na uku, wato matsayarsa ta ƙarshe kafin ya ci, ina ganin fuskar saurayin da aka fitar sau uku a jere yana komawa benci. Kafin wasa 'yan wasa sukan tsaya a bakin shinge suna sa wa yara hannu a kan ƙwallo. Besbol wasa ne mai tazara tsakanin jifa da jifa, don haka hira tana da gurbi a cikinsa, kuma akwai mutanen da na sani shekara 20 ba a ko'ina ba sai a wannan layin kujeru: na san lokacin da suka aurar da 'ya'ya, na san lokacin da kujerar wani ta zama babu kowa. Wannan ɓangaren ba ya shiga talabijin ko kaɗan.

Na uku shi ne wanda ka ɗauka aibi, wato tafiyar gwanaye. A wurinmu ranar da aka kira ɗan wasanmu zuwa sama ranar murna ce, irin murnar malamin da ɗalibinsa ya yi sauka. An ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma mu 'yan kallon Laraba ne. Na ga Justin Morneau a Rochester a 2003 da 2004 yana aika ƙwallo bayan katanga, dukan da yake ci ne kai tsaye, a 2006 aka zaɓe shi gwarzon ɗan wasan American League, ɗaya daga cikin ɓangarori biyu na babbar gasa. A farkon kakar 2024 mun ga James Wood, dogon saurayi, kafin Nationals ta ɗauke shi ran 1 ga Yuli. Dattijonka zai lissafa maka nasa: Chipper Jones a 1992, Evan Longoria da David Price a ƙarshen shekarun 2000. Akwai wani daɗi na musamman a ce ka gane gwani da idonka kafin jarida ta faɗa maka sunansa, ka buɗe tsohon littafinka ka ga ranar da ka rubuta a gefen shafi cewa wannan yaron ba zai daɗe a nan ba.

Sai dai in ka tambaye ni, waɗanda suka fi zama a zuciyar tsohon ɗan kallo su ne waɗanda suka daɗe a nan. Ƙiyasin da aka saba kawowa shi ne kusan ɗaya cikin goma na masu shiga ƙananan gasanni ne suke taka babbar gasa ko da na kwana ɗaya. Sauran taran fa? Kowannensu shi ne gwanin makarantarsa, shi ne abin alfaharin garinsu a Texas ko Benezuwela ko Dominika, ya zo nan ya tarar da ɗaruruwa irinsa. Don ka gane wuyar abin, Michael Jordan, wanda duniya ta sallama masa a ƙwallon kwando, ya buga kaka guda a Birmingham Barons ta matakin AA a 1994, kuma cikin kowane zuwa goma da ya yi gaban mai jifa, kusan sau biyu kawai yake samun duka mai amfani. Matsakaicinsa .202 ne, alhali .300 ake kira gwaninta.

A matakin AAA za ka ga mutum mai shekara 31, mai mata da 'ya'ya, wanda ya taɓa yin mako uku a sama aka dawo da shi, yana tashi kullum yana yin aikin da cikakkiyar niyya don ko wayar za ta sake bugawa. Mike Hessman ya yi kusan shekara 20 a haka; ya buga wasanni kaɗan a babbar gasa, amma a Agustan 2015, sanye da rigar Toledo Mud Hens, ya buga ƙwallonsa ta 433 bayan katanga, ya karya tarihin ƙananan gasannin Amurka da ya daɗe a hannun Buzz Arlett. Wannan kambu ne da babu yaron da yake mafarkinsa, domin ma'anarsa ka daɗe a ƙasa, amma ban san wani kambu da ya fi shi nuna haƙuri da son sana'a ba. Akwai kuma ɗan nahiyarmu, Gift Ngoepe na Afirka ta Kudu, wanda ya girma a wani ɗaki da ke jikin ginin ƙungiyar besbol ta Randburg, inda mahaifiyarsa take aiki. Pittsburgh Pirates ta ɗauke shi a 2008, ya yi shekara takwas da ɗoriya yana zaga ƙananan garuruwa a bas, sai ran 26 ga Afrilun 2017 ya zama haifaffen Afirka na farko da ya buga a babbar gasa, kuma a zuwansa na farko ya daki ƙwallo ya isa zango lafiya. Waɗanda suka yi kuka a wannan daren ba mutanen Pittsburgh ba ne kawai. Har da waɗanda suka kalle shi shekara da shekaru a ƙananan ƙungiyoyin Altoona da Indianapolis.

Labarin da tsofaffin Rochester suka fi ba ni a shekaruna na farko shi ne na wasan da ya fi kowane tsawo a tarihin besbol na sana'a. Wasa zagaye tara ne, amma babu canjaras, in an yi kunnen doki sai a ci gaba har wani ya yi rinjaye. A daren Asabar 18 ga Afrilun 1981 Red Wings ta je Pawtucket a jihar Rhode Island, ana sanyi da iska mai dawo da ƙwallo cikin fili. Rochester tana gaba da ci ɗaya, Pawtucket ta farke a zagaye na tara. Aka yi ta yi babu ci har zagaye na 21, Rochester ta sake ci, Pawtucket ta sake farkewa ta hannun Wade Boggs. Akwai dokar tsayar da wasa in dare ya yi nisa, amma ba ta cikin littafin da ke hannun alƙalan a wannan shekarar, don haka suka ƙi tsayawa. 'Yan wasa suka riƙa ƙona karyayyun gorori na dukan ƙwallo a cikin ganga suna jin ɗumi. Sai da aka samu shugaban gasar a waya sannan aka dakata, da ƙarfe 4:07 na asuba, bayan zagaye 32, kuma mutum 19 ne suka rage a kujerun kallo daga cikin 1,740 da suka shigo. Aka ƙarasa ran 23 ga Yuni cikin minti 18, Pawtucket ta ci 3 da 2. Boggs da Cal Ripken Jr., wanda ya tsare wa Rochester zango na uku a daren, duk sun zama manyan gwanaye daga baya. Amma duk wanda ya ba ni labarin, a kan mutum 19 ɗin nan yake tsayawa. Babu kofi a wasan, babu kyamarar talabijin, tsakiyar Afrilu ne, kaka ko zama ba ta yi ba. Sun zauna ne saboda samarin da ke fili ba su tashi ba. Ina kyautata zaton dattijonka irinsu ne.

Ɓangaren da ba a so a faɗa

Ba zan yi maka adalci ba in na tsaya a kan daɗin kawai. Arahar tikitin da muke yabo, na tsawon shekaru a kan wuyan 'yan wasan take. Har zuwa 2019 mafi ƙarancin albashi a matakin A dala 290 ne a mako, kuma a watanni biyar na kaka kawai ake biya. A wancan zamanin ba a biyan lokacin horon bazara. Samari biyar ko shida sukan haɗu a ɗaki biyu a kan katifun iska, wasu kuma iyalan gari ne suke ba su masauki kyauta, kuma da sanyi ya shigo sai su koma aikin gini ko kai saƙo. Wannan ya dame ni tun da na san shi, kuma ina ganin mu 'yan kallo mun daɗe muna yin shiru. An samu sauyi a 'yan shekarun nan: daga 2022 aka wajabta wa manyan ƙungiyoyi ba su masauki, a shekarar MLB ta amince ta biya dala miliyan 185 don sasanta ƙarar da tsofaffin 'yan wasa suka shigar kan albashi, suka kuma shiga ƙungiyar ƙwadago a Satumba. Yarjejeniyar farko ta 2023 ta ɗaga mafi ƙarancin albashin AAA daga dala 17,500 zuwa 35,800 a shekara. Ka kwatanta da dala 720,000 da take mafi ƙaranci a babbar gasa a wannan shekarar, ka ga abin da kiran waya ɗaya yake nufi ga mutumin da kake kallo.

Sannan garuruwa suna rasa ƙungiyoyinsu. A 1949 akwai ƙananan gasanni 59 da ƙungiyoyi 448, 'yan kallo kusan miliyan 40. Cikin shekara goma talabijin da na'urar sanyaya ɗaki suka zaunar da mutane a gida, gasannin suka ragu zuwa 21. Bayan an soke kakar 2020 saboda annobar korona, MLB ta sake fasalin tsarin ta rage ƙungiyoyin reno daga 160 zuwa 120, ƙananan garuruwa kusan 40 suka wayi gari babu alaƙa da wata uwa. Gasar New York-Penn, wadda nakan je kallonta a Batavia da Auburn, ta rushe gaba ɗaya. Ita kanta Pawtucket ƙungiyarta ta ƙaura zuwa Worcester a 2021. Hujjar da aka kawo ita ce a gyara filaye, a rage doguwar tafiyar bas, a ƙara albashi, kuma akwai gaskiya a cikinta. Amma ina ganin an yi lissafin kuɗin renon ɗan wasa, an manta da lissafin renon ɗan kallo, wanda a irin waɗannan ƙananan filaye yake fara kama hannun mahaifinsa.

Dole kuma in ce ingancin wasan bai kai na sama ba, ana kurakuran da ba za ka gani a talabijin ba, kuma tsakanin zagaye akwai wasannin yara da kiɗa da tallace-tallace da wasu ba sa so. Duk abin da na faɗa maka daga idon mai zama a kujera ne. Wanda ya yi shekara bakwai a cikin bas ɗin yana iya ba ka labarin da ya fi nawa nauyi. Zuciyar dattijonka kuwa shi ne zai buɗe maka ita.

In ka bi shi

Dokokin da kake bukata a daren farko kaɗan ne. Ƙungiya ɗaya tana tsaron fili da mutum tara, ɗayar tana turo masu duka ɗaya bayan ɗaya. Mai jifa yana tsaye kusan mita 18 daga mai duka. In mai duka ya daki ƙwallo, sai ya ruga zango na ɗaya, daga nan na biyu, na uku, ya dawo gida, kuma dawowa gida shi ne ci ɗaya. Ana fitar da shi in an cafe ƙwallon a sama, ko an riga shi kai ta zango, ko ya kasa taɓa jifa mai kyau sau uku. In mai jifa ya kauce hanya sau huɗu, mai duka ya tafi zango na ɗaya kyauta. An fitar da mutum uku, sai a yi musayar wuri. Kowa ya yi nasa, zagaye ɗaya ke nan. Sauran dattijon zai faɗa maka, kuma zai ji daɗin faɗa.

Kada ka bi ƙwallo da ido kawai, domin haka ne sabon zuwa yake gajiya. Ka zaɓi zagaye ɗaya ka kalli mai jifa da mai cafka su kaɗai: ƙwallo tana zuwa da gudun kilomita 150 a sa'a, ƙasa da rabin daƙiƙa take ɗauka, sai jifa na gaba ya zo a hankali yana lanƙwasa, kuma duk wasan yana cikin wannan yaudarar. A wani zagayen ka kalli mai tsaron tsakanin zango na biyu da na uku, yadda yake gyara tsayuwa kafin kowane jifa. Ka sayi takardar rubuta wasa a ƙofa ka roƙi dattijon ya koya maka lambobin masu tsaro, daga 1 zuwa 9. Ni ta nan wasan ya shige ni, domin wanda yake rubutawa ba ya iya kawar da kai. Za ka ga agogo yana ƙirga wa mai jifa daƙiƙu. A AA da AAA ana amfani da shi tun 2015, babbar gasa ba ta ɗauka ba sai 2023, kuma ya mayar da wasa kusan sa'a biyu da rabi. A saman katangar hagu ta filinku akwai ƙaton hoton bijimi da yake fitar da hayaƙi ta hanci in ɗan gida ya aika ƙwallo bayan katanga, kuma ɗan wasan da ya same shi da ƙwallo ana ba shi kyautar nama.

Wasan dare yana farawa wajen ƙarfe shida da rabi ko bakwai, don haka magariba za ta same ka a ciki. Ka yi alwala daga gida, ka nemi wani lungu a bayan kujeru, ma'aikatan fili ba su taɓa hana ni ba. Yawancin tsiran burodin da ake sayarwa akwai alade a ciki ko an gasa su wuri ɗaya da shi, ana kuma sayar da giya, amma gasasshiyar gyaɗa mai ɓawo da gugguru sun ishe ka, kuma gyaɗar ita ce abincin besbol na asali. In da zaɓi, ka fara da wasan Talata ko Laraba, ranar da babu cinkoso, sai masu zuwa kullum. Ku isa da minti 40 kafin a fara, lokacin da ake jiƙa ƙasar fili ana ja mata farin layi, masu jifa suna ɗumama hannu a gefe. In kun zauna, ka tambaye shi a wane ɓangaren tsohon filin mahaifinsa yake zaunar da shi, da kuma ɗan wasan da ya tabbata zai kai sama amma bai kai ba. Ka tafi da fensir biyu, domin ɗaya yakan karye.